Kimiyya a Garejin Tsofaffin Motocin Tsere: Darasi Daga Wata Motar Amurka

Gabatarwa

A shekarar 2001 aka buɗe wani ɗakin ajiya a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, aka tarar da wata mota da ta shafe kimanin shekara 30 a kulle. Fentinta ya dusashe, jikinta duk lotsawa, amma masana tarihin motoci sun daɗe suna cigiyarta. Sunanta Shelby Daytona, lambar shasinta kuwa CSX2287. Bayyanarta ta ta da wata tambaya: shin a gyara ta tsaf ta koma sabuwa, ko a bar ta da tabonta? Amsar na buƙatar ilimin sinadarai da na ƙarafa, har ma da na halittu.

Asalin motar

A farkon shekarun 1960, Carroll Shelby, wani tsohon direban tsere ɗan Jihar Texas, ya ƙuduri aniyar kayar da kamfanin Ferrari na Italiya. Motarsa mai suna Cobra tana da ƙarfi, sai dai ba ta da rufi, saboda haka iska kan danne ta a doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Le Mans ta Faransa. Dalili shi ne, idan gudun mota ya ninka sau biyu, turjiyar iska kan ninka sau huɗu ne.

Wani matashi mai zane, Peter Brock, shi ya tsara mata sabon bodi na alminiyam mai rufi, ya datse bayanta kamar an sare da wuƙa. Ya ɗauko wannan dabara daga binciken masanan Jamus na shekarun 1930, musamman Wunibald Kamm. Da injin Ford mai silinda 8, motar ta kai gudun kimanin kilomita 300 a awa. Guda 6 kacal aka ƙera. Ta farko, wato CSX2287, a Kalifoniya aka haɗa ta, sauran 5 kuwa a birnin Modena na Italiya aka yi musu bodi.

A Fabrairun 1964 wannan mota ta kama da wuta a tseren Daytona lokacin da ake zuba mata mai. Bayan wata guda ta zo ta ɗaya a rukuninta a tseren Sebring. A 1965 motocin Shelby suka ƙwace kambun duniya na wannan rukuni daga hannun Ferrari, a watan Nuwamba kuma CSX2287 ta kafa tarihin gudu har guda 23 a filin gishiri na Bonneville. Daga nan ta yi ta sauya hannu har ta ɓace wa jama'a.

Bincike kafin gyara

A ilimin halittu, idan aka gano sabon nau'in tsiro ko ƙwaro, akan ware samfuri guda a adana shi a gidan tarihi. Duk wata gardama da za ta taso nan gaba game da nau'in, ga wannan samfuri ake komawa. Ba wanda zai rina fukafukin malam-buɗe-littafin da aka ajiye don ya ƙara kyau, domin yin haka ɓata shaida ne. Motar da guda 6 ce kawai a duniya, kuma ita ce ta fari, matsayinta ke nan.

Saboda haka aikin farko shi ne tabbatar da asali. Mai bincike kan bi takardun kamfani da rasidai da hotunan tsere, ya gwada su da abin da ke gabansa. Da yake da hannu aka buga bodin waɗannan motoci, babu biyu da suka yi daidai, kuma wani ɗan lanƙwasa ko layin ƙusoshi a tsohon hoto kan bambanta su kamar zanen yatsa.

Bayan takardu sai awo. Akan ɓantari fenti ɗan mitsitsi, a duba gefensa da madubin ƙara girma, sai a ga launuka a jere hawa-hawa kamar zoben shekaru a kututturen itace. Kowane hawa zamani ne a rayuwar motar. Akwai kuma na'urar da ke harba hasken eksire a jikin ƙarfe ta bayyana sinadaran da ke cikinsa ba tare da an yanka ba, ta haka ake gane facin da aka yi daga baya. Ko lambar shasi da aka goge ana iya dawo da ita. Lokacin da aka buga lamba, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ma yakan matse, idan aka shafa asid sai wurin da ya matse ya ciwu dabam da kewayensa, lambar ta sake fitowa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin a kasuwar da mota guda kan kai miliyoyin daloli, an sha samun motoci biyu suna da'awar lamba ɗaya.

Abokan gaba da ba a gani

Motar da ke ajiye ba hutawa take yi ba. Ƙarfe, idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, yakan yi tsatsa, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci faɗi, shi ya sa take kumbura fenti. Inda aka naɗe alminiyam a kan bututun ƙarfe, matsalar ta fi haka. Ƙarafa biyu mabambanta da ɗanshi a tsakaninsu tamkar ƙaramin batir ne: lantarki na gudana, alminiyam ɗin yana narkewa a hankali yana zama farin gari. Gishiri kuwa yana hanzarta wannan aiki, don haka motar da ta taɓa gudu a kan gishiri tana buƙatar sa ido na musamman.

Rayayyun halittu ma suna da nasu rabo. Fumfuna kan ci fatar kujera idan laima ta yi yawa. Ɓeraye kan gaigaye wayoyi su yi sheƙa, fitsarinsu kuma yana cin ƙarfe. Roba tana bushewa ta tsattsage, tsohon fetur ya daskare ya toshe kafireto. Maganin yawancin waɗannan shi ne ɗaki mai busasshiyar iska da yanayin da ba ya hawa da sauka.

Hukuncin likita

Bayan shari'a a kan mallakarta, motar ta shiga hannun Dakta Frederick Simeone, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Filadelfiya, wanda ya rasu a 2022. Ra'ayinsa ya yi daidai da ƙa'idar likitanci, wato kada magani ya fi cuta illa. An gyara abin da zai sa motar ta yi tafiya lafiya, amma ba a kankare tarihin jikinta ba. A 2014 ta zama mota ta farko da aka shigar a rajistar motocin tarihi ta Amurka, aka auna ta dalla-dalla, aka ajiye bayananta a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar.

Wannan ba ya nufin cikakken gyara laifi ne a kowane hali. Motar da ta ƙone ko ta ruɓe ba ta da wata mafita. Amma Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya ta amince da ita a 2012, ta yi nuni da a rubuta duk abin da aka sauya, a sa wa sabon sashe alama, a kuma fifita gyaran da za a iya warwarewa.

Kammalawa

Idan aka sake wa gatari ƙota, daga baya aka sake masa ruwa, da wuya a ce shi ne gatarin kaka. Sabon fenti ana iya fesa shi kowace rana, amma wanda aka kankare ya tafi ke nan da duk bayanin da ke cikinsa. Ɗalibin kimiyya, ko ƙashin tsohuwar dabba aka miƙa masa ko tsohon inji, wajibi ne ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta, kafin ya taɓa, kada garin neman gira a rasa ido.