Yadda Ake Gayyar Yasar Lambatu a Ranar 1 ga Oktoba

Ranar 1 ga Oktoba, ranar da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, tana zuwa ne daidai lokacin da damina ke bankwana da Kano. Duk wanda ya ratsa lungunan Gyadi-Gyadi ko Darmanawa ko Unguwa Uku da ke ƙaramar hukumar Tarauni a wannan lokaci ya san halin da lambatu ke ciki. Yashi ya cika shi, ledar fiya-wata ta toshe shi, ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida. Ga shi kuma ranar hutu ce, ma'aikaci da ɗan makaranta duk suna gida. Ban ga ranar da ta fi ta dacewa da aikin gayya ba.

Shiri yana farawa mako biyu kafin ranar. Matasa uku ko huɗu su je gaban mai unguwa, don gayyar da ba ta bi ta ƙofarsa ba ba ta nisa. Shi zai roƙi limamai su yi sanarwa bayan sallah. Sannan a zaga a zaɓi layi ɗaya ko biyu da suka fi lalacewa. Kada a ce za a yashe Tarauni duka a wuni guda.

Sai karo-karo. Kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, a rubuta a littafi. Shebur da diga da baro a aro wurin magina, manjagara kuwa ba a rasa ta a gidaje. Kuɗin ya tafi kan safar hannu da takalmin roba da sabulu.

Ga inda yawancin gayya ke lalacewa: kwashe abin da aka yaso. Sau nawa muka ga an tula baƙin taɓo a bakin hanya, an watse, ruwan sama ɗaya ya mayar da shi inda ya fito? Don haka tun kafin ranar a kai takarda hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ko a kama tifa da kuɗin karo-karo. In ba a tabbatar da mota ba, gara a ɗage aikin.

Ran aiki a fito bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. A fara daga ƙasa, inda ruwa ke ficewa, a riƙa yin sama. Wanda ya fara daga sama, ruwan da ya saki zai zo ya shanye masu aiki a ƙasa. Masu shebur a ciki, masu baro a baki, wasu na tsince leda daban. Kwalbati a zungure shi da dogon ƙarfe. Yara kada su shiga, akwai kwalba da allura a cikin taɓon; su kai ruwan sha, su karɓo koko da ƙosai da iyaye mata suka aiko. Mai shagon da ya rufe lambatu da siminti kuwa, dattijo ne zai yi masa magana cikin mutunci.

Da an gama, kowa ya wanke jiki da sabulu, a karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a. Daga nan kowane gida ya riƙe ƙofarsa a ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata.

Ɗan'uwa, in kai ɗan Tarauni ne, nemi abokai uku yau ku je ku gai da mai unguwa.