Idon Jirgin Sama da Kututturen Ƙarƙashin Ruwa

Akwai wata na'ura da ake ɗaura wa jirgin sama, tana harba hasken leza cikin ruwa don gano abin da ya ɓuya a ƙasa. Aikinta kamar na matuƙin kwalekwale ne da gorarsa: yana cakawa yana sauraren hannunsa, in gorar ta nutse ya san hanya lafiya, in ta tsaya da wuri ya san akwai tudu ko itace, sai ya karkata. Gorar wannan na'ura haske ce iri biyu. Ɗaya ya daki fuskar ruwa ya dawo, ɗayan kuwa, kore, ya ratsa har ƙasa, ratar lokacin dawowarsu ita ce zurfin. Da ita sojojin ruwan Ostareliya suka riƙa auna tekunsu daga 1993 zuwa 2019, Amurka kuma tana farautar nakiyoyin ruwa da irinta daga jirgi mai saukar ungulu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Hasken nan yana iya kai mita 50 a ruwa garai-garai, amma laka na makantar da shi. Wa bai ga Kogin Kwara da damina ba, jawur kamar kunun kanwa? A Kainji, tun da aka gama madatsa a 1968 ruwa ya haɗiye dazuka, kututtura suna tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Idon matuƙi da rana shi ne kaɗai ke ganin inda ruwa ke murɗawa a kansu. Amma sai mutum ya kwashi mata da yara cikin duhu, kamar yadda aka yi a Patigi a watan Yunin 2023, inda jirgi ya kife, fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki. Wannan sakaci ne, kada a sa masa wani suna.

Wani zai ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma addini ya umarci a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ran fasinja amana ne a wuyan matuƙi. Wani kuma zai ce gwamnati ta sayo na'urar. Ko ta sayo, sai da rani, in ruwa ya kwanta, na'urar za ta ga wani abu, kuma ba ta tumɓuke kututture. Sauran kuwa an sani: rage lodi, sa rigar ruwa, gyara inji. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, sarakunan ruwa su tsare mashiga da zarar magariba ta gabato.