Tartsatsin Laitar Gas

Wani mai sauraronmu daga Kakuri, Kaduna, ya tambaya: ina laitar gas ke samo tartsatsi ba batir, kuma ko da hannun ka'idar Einstein?

To Malam, a cikinta akwai ɗan dutsen haɗi. Kana dannawa, 'yar guduma ta ƙwala masa. Ƙwayoyin zarrarsa ba su zauna daidai wa daida ta kowace fuska ba, shi ya sa matsi ke raba cajinsu gida biyu, lantarki ya yi tsalle. Gishiri ba ya yin haka, don jerinsa daidai yake.

Jacques da Pierre Curie suka gano wannan a Faransa a 1880. Ka'idar Einstein sai 1905, kuma bayanin laitarka bai dogara da ita ba.