Ki Nemi Dalilin Hukunci Kafin Ki Haddace Shi

'Yata,

Mahaifiyarki ta gaya mini kin shiga aji uku na karatun lauya a Kongo, kuma raba dare kike yi kina haddar sunayen shari'o'i da shekarunsu. Allah ya yi albarka. Ba na raina hadda, da ita muka tashi tun muna riƙe da allo. Amma na sha ganin yara sun zo ofishina daga makarantar lauyoyi ta Bagauda da shari'a ɗari a ka, in ka ɗan sauya musu labarin sai su yi tsuru-tsuru. Ba na so ki zama haka.

Kin san shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932. Kowane ɗalibi yana tuna dodon-koɗin da aka ce an samu a kwalbar lemon citta a garin Paisley. Ki bar dodon-koɗin nan, ki dubi matsalar matar da ta sha lemon. Ba ita ta sayi lemon ba, saya mata aka yi, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin, balle ta ce ya saɓa yarjejeniya. Kwalbar kuma mai duhu ce, a rufe ta fito daga kamfani, ba wanda zai iya duba cikinta a hanya. A kan wannan alƙali Lord Atkin ya tsaya: wanda ya ƙera kaya, ya san za su isa hannun mai amfani ba tare da an bincika ba, wajibi ne ya kula. Alƙalai 3 suka yarda, 2 suka ƙi. Ki karanta ra'ayin biyun nan a tsanake, domin su ma ba da ka suka yi magana ba. Bayan 'yan shekaru aka yi aiki da wannan dalili a ƙarar wani likita a Ostireliya wanda kamfai na ulu ya jawo masa ciwon fata. Ina lemo ina kamfai? Dalilin ne ɗaya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a gidanmu. Malaman usulu sun ce ƙiyasi rukuni huɗu gare shi: asali, reshe, hukunci, da illa, wato abin da hukuncin ya rataya a kansa. An hana giya don tana sa maye, saboda haka duk abin da ya sa maye ya bi ta, ko da launinsa da sunansa sun bambanta. Ke da kike karanta dokar Ingila da fiƙihun Malikiyya a zango ɗaya, ki riƙa yi wa kowace shari'a tambayar nan: a kan me hukuncin ya rataya? Sai ki cire abu ɗaya daga labarin ki gani. Da kwalbar fara ce ana ganin cikinta fa? Idan amsa ta sauya, kin taɓo jijiyar. Idan ba ta sauya ba, ado ne kawai.

Kada kuma ki ji kunyar ƙananan tambayoyi. A 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Sakkwato ta sallami Safiya Husaini, kuma cikin hujjojin har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar fara aiki. Tambayar "yaushe?" ke nan, wadda ɗan firamare ma zai iya yi, ga shi ran mutum ya rataya a kanta. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya yi aikin.

Abu mafi wuya shi ne ki zauna a kujerar abokin hamayyarki. Kafin ki rubuta hujjarki, ki rubuta tasa, da ƙarfin da shi kansa zai ji daɗi in ya karanta. Ni sai da na sha kaye a gaban alƙali kafin na koyi wannan, kuma talakan da ya ba ni amanar gonarsa ne ya ɗanɗana kuɗar, abin yana damuna har yau.

In kin zo hutun Sallah ki taho da shari'a ɗaya da kike ganin alƙali ya yi kuskure. Ni zan kare shi, ke ki rushe. Ki gaida malamanki.

Kawunki.