Ba Sai Ka Je Wembley Ba

Duk mai shirin zauna jarrabawar IELTS, wadda ake nema ga masu son karatu ko aikin jinya a Ingila da Kanada da Ostireliya, sai ya yi hira da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Ina koyar da Turanci a Ƙaura Namoda, kuma masu zuwa wurina shiri sun haɗa da waɗanda suka gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, da ma'aikatan lafiya daga Shinkafi da Zurmi. Cikin tambayoyin da muke gwaji da su, wadda ta fi kayar da su ita ce wadda ya kamata ta fi sauƙi: kana kallon wasanni kai tsaye? A ina, kuma da wa?

Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Jarrabawar furuci ta WAEC a takarda ake yin ta, ɗalibi ya zaɓi amsa da fensir, ya ci, bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Da ya ji an ce wannan karon magana zai yi, sai ya koma ga abin da ya iya, wato hadda. Ya samo amsar wani a intanet, ya zo yana karanto mini yadda ya shiga babban fili a Landan, alhali ko Gusau bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba. Da na ce masa, "To nawa ka sayi tikiti?" sai magana ta tsaya. Masu jarrabawar an horar da su gane hadda, kuma suna rage maki a kanta.

Abu huɗu ake aunawa: gudun magana da haɗuwar zance, yawan kalmomi, nahawu, da furuci. Babu inda aka ce sai ka je babban fili. Gidan kallon unguwarku ya isa. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na Kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairu 2024 yana da labarin da zai cika minti biyun da ake bayarwa a kashi na biyu na hirar, har ya yi saura: yadda aka cika benci tun kafin a fara, ihun da aka yi da Troost-Ekong ya ci da ka, yadda Kessié ya farke, sannan Haller ya ƙara, Kodebuwa ta ɗauki kofi da ci 2 da 1, kowa ya kama hanyar gida ba mai yi wa wani magana. In janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, faɗa. In ka daina fita kallon dare saboda halin tsaro da muke ciki, ka koma sauraro a rediyo ko a waya, wannan ma amsa ce mai kyau, domin ta zo da dalili.

Ni dai na fi son ɗalibi ya kawo dambe ko kokawa. Mai jarrabawa ya ji labarin Arsenal da Barcelona har ya gaji, amma da wuya ya san yadda ake naɗe hannu da zare, ko yadda makaɗi ke zuga ɗan dambe lokacin kaka. Bayyana abin da mai sauraro bai sani ba shi ke fito da kalmomin da ke cikin mutum. Mata kuwa kan ce mini, "Malam, ni fa ba na kallon ƙwallo." Wannan ba matsala ba ce. Ki faɗi haka, ki kawo dalili, ki ba da labarin yadda ƙannenki ke hana gida sakat ranar wasa.

Wurare biyu ne bakinmu ke zamewa. Na farko shi ne haɗa sautin P da F, kuma zancen ƙwallo cike yake da su. Na biyu shi ne a fara labari da sigar abin da ya wuce, a tsakiya a zame zuwa ta yanzu ba a lura ba. Karatu a zuci ba ya gyara ko ɗaya.

Ga yadda muke yi. Ka ɗauki minti ɗaya ka rubuta kalmomi kaɗan, kamar yadda za a ba ka ranar jarrabawa. Ka kunna rikoda a waya, ka yi magana minti biyu ba tsayawa, sannan ka saurara. Gobe ka sake ba da labarin da wasu kalmomin. Ka sa aboki ya yi maka tambayoyin kashi na uku, irin su ko kallo a fili ya fi kallo a talabijin, ko ya dace gwamnati ta kashe kuɗi a kan filayen wasa.

Ma'aikatan jinya masu nufin Ingila su sani cewa hukumar jinya ta can tana neman maki 7 cikin 9 a ɓangaren magana. Kafin ku biya kuɗin rajista da na mota zuwa Kano ko Abuja, ku fara wannan gwajin tun daga wasan ƙarshen makon nan.