BABI NA SHIDA: TSOFAFFIN HOTUNAN GARURUWA DA YADDA AKE NAZARINSU

6.1 Gabatarwa

Hoto shaida ne, amma shaida ce da ba ta magana sai an tambaye ta. Wannan babi zai dubi yadda aka fara ɗaukar hotunan garuruwa, da lokacin da kyamara ta iso ƙasar Hausa, sannan ya ɗauki Gwandu da Kalgo na Jihar Kabi a matsayin misali, domin malamin Hausa ya san irin tambayoyin da zai yi wa tsohon hoto kafin ya shiga aji da shi.

6.2 Mafarin Ɗaukar Hoto

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara, wanda ya wanzu har yau, shi ne na wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce. Ya ɗauke shi ta tagar gidansa a wajajen 1826 zuwa 1827, a kan farantin ƙarfe, kuma sai da farantin ya sha haske na aƙalla awa takwas. Ba a ganin komai a cikinsa sai duhu-duhun rufin ɗakuna. Yanzu yana ajiye a Jami'ar Texas ta Amurka.

Wanda ya fi shi amfani ga mai nazari shi ne hoton da Louis Daguerre ya ɗauka a 1838, na wani titi a birnin Faris da ake kira Boulevard du Temple. Titi ne mai cinkoson jama'a da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito fayau kamar an yi shara. Dalili kuwa shi ne, farantin yana buƙatar mintoci da yawa kafin ya kama sura, don haka duk abin da ke motsi bai zauna ba. Mutumin da ya fito sosai shi ne wani da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ke nan tun ran gini tun ran zane: hoton birni na iya nuna gini daidai, ya kuma ɓatar da mutanen birnin ɗungurungum.

A 1839 aka bayyana wa duniya wannan fasaha, kuma kafin shekarar ta ƙare an ɗauki hoto a Iskandariyya ta Masar.

6.3 Gwandu Kafin Zuwan Kyamara

Gwandu ta yi tashe tun farkon jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinta daga 1805, daga baya kuma ta zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙi ɓangaren yamma na daular, kuma a nan hubbarensa yake. Sai dai wannan zamani na ɗaukaka alƙalami ne ya adana shi, tare da bakin mutane.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Bai sami ganin Sarkin ba, amma ya siffanta garin da cewa yana cikin kwari, ya yaba albasarsa da ayabarsa, kuma a nan ne aka ara masa littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi wasu sassa. Barth bai ɗauki hoto ba. Surorin da ke cikin littafinsa zane-zane ne, waɗanda wani mai zane, J. M. Bernatz, ya sake tsarawa a Jamus daga abin da Barth ya zayyana, alhali shi bai taɓa taka waɗannan garuruwa ba. Sau da yawa akan ga irin waɗannan zane-zane a intanet an laƙaba musu sunan "hoton farko", abin takaici har a cikin kundayen ɗalibai. Wajibi ne malami ya rarrabe zane da hoto.

Bayan Barth, Joseph Thomson ya zo a 1885 neman yarjejeniyar ciniki, Jamusawa kuma suka turo tawagar Hans Gruner a 1895. A tsakanin nan ne, a 1888, kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara mai fim, wadda matafiyi zai iya ratayawa. Hotunan biranen Arewa sun yawaita ne bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Littafin E. D. Morel na 1911, alal misali, yana ɗauke da hotunan Kano da Zariya.

6.4 Matsalar Suna

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Turawa sun riƙa rubuta sunan da "Gando" ko "Gandu", kuma sukan yi nufin masarautar baki ɗaya, ba garin kaɗai ba. Tun a ƙarni na sha tara wasu sarakunan sun fi zama a Ambursa, a farkon mulkin Turawa kuma fadar ta koma Birnin Kabi, inda take har yanzu. Saboda haka hoton da aka rubuta wa "fadar Sarkin Gando" a zamanin En'e, Birnin Kabi yake nunawa. Haka kuma akwai hotunan Sarkin Gwandu Usman da aka ɗauka a 1934, amma a Ingila, lokacin da ya kai ziyara tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Hoton sarki daban, hoton gari daban.

Ban da wannan, mai kyamara yana bin inda mulki da hanya suke. Abin da ya fi jan hankalin Bature shi ne ganuwa da ƙofar gari da hawan sarki da kasuwa. Cikin gida, da makarantar allo ta zaure, da matan da ke saƙa ko sussuka, ba kasafai suke samun shiga ba.

6.5 Kalgo: Taskar da Ke Cikin Gidaje

Kalgo tana kusa da Birnin Kabi, cikin masarautar Gwandu, kuma hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Ga gari irin wannan, wurin da ya kamata a fara nema shi ne akwatunan tsofaffi da bangon zaurukan masu sarauta da ofishin hedimasta: hoton naɗin sarauta, na 'yan firamare a jere, na alhazai, na ranar sallah. An ɗauke su ne domin fuskokin mutane, amma garin yana bayansu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, fuskar yankin take ta sauyawa, har hoton da bai wuce shekara arba'in ba ya zama abin tarihi.

Wajen ƙiyasta shekarun irin wannan hoto, a duba rufi, jinka ne ko soro ko kwano. A duba ko ginin tubali ne ko na bulo. A lura da turakun lantarki da samfurin mota da ɗinkin riga. A juya bayansa, domin masu wanke hoto kan buga hatiminsu a nan. Sannan a kai shi gaban dattawa biyu ko uku, kowa shi kaɗai, a rubuta bayaninsu da karin harshensu na Sakkwatanci ba tare da an mayar da shi daidaitacciyar Hausa ba. Kalmomi irin su azara da zanko da indararo da dagi sun fi zama a ƙwaƙwalwar yaro idan ya gan su da idonsa. Kada a raba iyali da hotonsu; a ɗauki kwafi da waya, a mayar musu da abinsu a ranar.

6.6 Jinga

Ɗalibi ya samo hoto mafi tsufa da zai iya samu na garinsu, ya rubuta insha'in siffantawa mai shafi biyu a kansa. Ya bayyana wanda ya ɗauka idan an sani, da hujjojin da ya dogara da su wajen ƙiyasta shekararsa, da kuma abubuwa uku na rayuwar garin a wancan lokaci waɗanda dattawa suka ambata amma ba su fito a hoton ba.