Bari Manhajar Wayarka Ta Rage Maka Sauri

Kuskuren da muka fi cin karo da shi, mu masu horar da 'yan gudu da mahaya keke, shi ne mutum ya sauke Strava ko Nike Run Club a wayarsa, daga ranar kuma kowace fita ta zama gasa da ta jiya. Manhaja ta ce ka ci kilomita a minti 6 da sakan 10, gobe sai ka lashi takobin kawo shi 6 cif. Kafin wata ya zagayo gwiwa ta fara ƙorafi, ƙwauri na zogi, takalmi ya koma ƙarƙashin gado. A ganina babban aikin manhajar nan shi ne ta taka maka birki a ranakun da ya kamata ka tafi a hankali, kuma irin waɗannan ranaku su ne mafi yawa a mako.

Stephen Seiler, masanin kimiyyar motsa jiki a Jami'ar Agder ta Norway, ya bi diddigin atisayen zakarun gudu da keke da tseren kwale-kwale, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu a sassauƙan mataki suke yi, ɗan ragowar ne ake matsa wa jiki. A wannan tafiya ta sannu zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa a bugu guda, ƙananan hanyoyin jini su yawaita cikin tsoka, jiki ya saba da ƙona kitse. Ga kuma abin da sabon shiga bai cika sani ba: numfashi na riga ƙashi da gaɓoɓi sabawa da wahala. Sai ka ji ƙirjinka na iya ƙari alhali agararka ba ta shirya ba.

To wace lamba za a bi? Saurin da GPS ke nunawa nan take tsalle yake yi, musamman tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin itatuwa, don haka ka saita manhajar ta riƙa faɗa maka matsakaicin saurin kowace kilomita. A kan keke ma sauri bai faɗin gaskiya: kilomita 25 a awa da iska a bayanka hutu ne, da iska a fuskarka kuwa aiki ne ja. Bugun zuciya ya fi kusa da gaskiya, idan ka haɗa wayar da ɗamarar ƙirji ta Bluetooth. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato za ka ga bugun ya haura ko da saurinka bai canja ba, saboda jini na karkata zuwa fata don sanyaya jiki, gumi kuma na rage ruwan jikinka. Ranar nan bugun za ka bi, ka bar sauri ya faɗi.

Wani zai ce lissafin iyakar bugun zuciya da manhajoji ke yi, wato a cire shekarunka daga 220, kintace ne. Haka ne, yana iya kaucewa da bugu 10 ko fiye. Shi ya sa muke haɗa shi da gwajin magana: in kana gudu kana iya hira da abokin tafiyarka, jimla ta fita ba tare da haki ya yanke ta ba, kana daidai, ko me wayar ta ce. Wanda ba shi da ɗamara ma wannan ya ishe shi. Wani kuma zai ce in bai jigata ba ai bai yi komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta nema a mako, kuma wanda ke ƙure kansa kullum da wuya ya cika su wata bayan wata. Fita mai zafi tana da gurbinta, sau ɗaya ko biyu a mako, a nan ne ƙarar manhajar ke amfani wajen ƙirga maka mintin matsawa da na hutu. Mai hawan jini ko ciwon sukari, ko wanda ƙirji ke masa nauyi in ya hau bene, ya fara ganin likita kafin ya danna maɓallin farawa.